Nahawun Hatimin Lokaci a Rajistar Sabar

'Yan'uwana ɗalibai, sabar ita ce babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai tana rarraba su ta intanet. Duk abin da aka ɗora, ko aka sauke, ko aka goge, sai ta rubuta shi a rajista tare da kwanan wata da sa'a. Wannan shi ake kira hatimin lokaci, kuma yana da nasa nahawun.

A 2023, ni da abokan karatuna a nan Girei mun naɗi hirarraki a kasuwar Jimeta domin nazarin aron kalmomi tsakanin Hausa da Fulatanci, muka ɗora su a wata sabar. Kwatsam sai fayil ɗaya ya ɓace. Rajista ta nuna 2023-03-09T14:10:00Z. Nan take muka zargi wata 'yar ajinmu, domin ita ce a kan kwamfutar da ƙarfe 2:10 na rana. Har ta yi kuka.

Bari mu feɗe wannan layi kamar jimla. Tsarin ISO 8601 ne, mai farawa daga babba zuwa ƙarami: shekara, wata, rana. Harafin T ya raba kwanan wata da sa'a. Shi kuwa Z, wanda muka yi wa kallon ado, yana nufin UTC, wato agogon duniya da ya yi daidai da na Girinwic a Ingila. Nijeriya tana gaba da shi da awa 1, rani da damina. Ke nan ƙarfe 3:10 aka goge fayil ɗin, lokacin da baiwar Allah take cikin aji. Ni ne a kan kwamfutar, na goge shi bisa kuskure. Na ba ta haƙuri.

Akwai wasu tarkuna biyu. A Amurka wata ke riga rana, don haka 03/04/2023 na nufin 4 ga Maris, ba 3 ga Afrilu ba. Wasu rajistocin kuma doguwar lamba suke bayarwa, wato adadin daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu, 1970.

Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. In an ce "daren Juma'a", daren da ke biyo bayan yinin Alhamis ake nufi, domin a lissafin Musulunci rana tana kamawa ne daga magariba. Wanda bai san wannan ba sai ya makara da kwana guda.

Saboda haka, kafin ka yanke hukunci da hatimin lokaci, fara tambaya: agogon wa aka bi?