Darasi: Makullin akwatinku nawa ne?

A horon shugabannin ƙungiyoyi da na je Kano, ɗaki ɗaya aka ba mu da wata 'yar Maraɗi, yankin da aka fara Mata Masu Dubara a 1991. Na ba ta labarin yadda kuɗinmu suka gaza ranar rabo, har zumunci ya so lalacewa. Sai ta ce, "Yaya, makullin akwatinku nawa ne?" Na ce ɗaya.

Su kwaɗo uku suke sawa. Mata uku ke riƙe da makullan, ma'ajiya akwati kawai take ajiyewa. Ba a buɗewa sai gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi.

Da na dawo, sai da muka lallashi ma'ajiyarmu, don ta ɗauka zarginta ake.

Ku tattauna: a ƙungiyarku, wa ke riƙe da makulli?