Ɗan Mai Kuɗi da 'Yar Talaka: Tun Fim Yana Bebe

Tambaya: Malam, gardama muke yi da yayana. Ya ce labarin ɗan attajiri da ke son 'yar talaka Indiyawa ne suka ƙirƙiro shi, 'yan fim ɗinmu suka kwaikwaya. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Kontagora, Jihar Neja.

Amsa: Malama, ki gaishe da yayan naki, amma ki faɗa masa a hankali cewa labarin ya riga fim iya magana.

A 1895 'yan'uwan nan Lumière suka fara haska fim a Paris ana biyan kuɗin shiga, kuma har zuwa 1927 fim bebe ne. A Legas an fara nuna shi a 1903, shekara 2 bayan Turawa sun ci Kontagora da yaƙi zamanin Ibrahim Nagwamatse.

To, fim ɗin da ba ya magana, me zai nuna kowa ya gane nan take? Sutura. Ga saurayi cikin kwat da doguwar mota, ga budurwa da koɗaɗɗiyar riga tana jiran kanti. Ba sai an yi wa kowa tafinta ba. Sannan masu cika gidajen kallon farko a Amurka leburori ne da baƙin haure da 'yan matan masana'antu, masu biyan senti 5. Mai kasuwa kuwa ya san abin da mai saye ke mafarki.

Dubi My Best Girl na 1927. Mary Pickford ce 'yar aikin kanti, ta kamu da son wani sabon ma'aikaci, ashe ɗan mai kantin ne ya ɓad da kama. Da uban ya ji, sai ya zo da kuɗi don ta rabu da ɗansa. Kin taɓa ganin irin wannan uba a fim ɗin Hausa? Na san kin gani.

Ni dai City Lights na Charlie Chaplin, 1931, ya fi kwanta mini. Matsiyaci ne ke son makauniya mai sayar da furanni, ita kuwa ta ɗauka attajiri ne. Ya yi shara a titi, ya shiga dambe, har ya sha ɗauri, don a samu kuɗin aikin idonta. Da ta warke, sai ta ga mai tsumma a gabanta. Chaplin bai ɗaura musu aure don a tafa masa ba.

Indiya ma ta yi nata beben, Devdas na 1928, inda iyayen ɗan mai ƙasa suka ƙi Paro. Nan yayanki yake da 'yar gaskiya, domin namu ya fi kama da wannan. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya ce 'yar masu hali, Muhammad talaka, kuma maganar tana hannun manya. Waƙa da rawa kam daga Indiya muka aro su. Tambayar “ɗan gidan wane ne?” kuwa, ana yin ta a zaurukan Kontagora tun kafin majigi ta iso.