Kafin ka shiga Daura, dubi jikinka

Wani baƙo ya taɓa biyo ni daga Abuja don ya ga Rijiyar Kusugu, inda tarihi ya ce Bayajidda ya kashe macijiya. Lokacin bazara ne, rana kamar ta fasa kai, sai ya fito daga masauki da singileti da gajeren wando. Ba mu yi nisa ba wani dattijo da ke zaune a kan tabarma ya yafuto ni, ya rage murya ya ce, "Malam, yaron nan naka ai tsirara ya fito." Baƙon ya dubi jikinsa yana mamaki, don a ganinsa sanye yake da kaya. Shi kuwa dattijon gaskiyarsa ya faɗa, domin a ƙasar Daura tsiraici yana farawa tun mutum bai tuɓe ba.

Wanda ya yi boko ya san Turanci ya ware kalma ga tsiraicin abin kunya, ya ware wata ga na zane da hoto. Bahaushe bai yi wannan rabon ba, nasa awon na yawa ne. Akwai zigidir, akwai tumɓur, akwai haihuwar uwa, waɗannan na wanda ko ƙyalle babu a jikinsa ne. Huntu kuwa sau da yawa talauci ne ya tuɓe shi, tausayinsa ake ji. Amma tsirara kalma ce mai faɗi: tana hawa kan matar da ta fito ba mayafi, da wadda kayanta suka ɗame ta, da saurayin da cinyarsa ke waje. Malamai sun ce al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, ta mace kuwa duk jiki ban da fuska da tafin hannu. Al'ada ta ɗora nata a kai, har magidanci ya ji nauyin shiga taro ba hula.

Don haka namiji ya tanadi kaftani da dogon wando da hula. Mace ta riƙe atamfa ko doguwar riga mai walwala, da ɗankwali da gyale ko hijabi. Kada zafi ya ruɗe ka. Daga watan Maris zuwa Mayu, yadi mara nauyi mai faɗi ya fi ƙaramar riga sanyaya jiki, shi ya sa mutanen garin suke sa shi. Idan kuma a Disamba ko Janairu za ka zo, sa rigar sanyi a jaka, hunturun nan kusa da iyakar Nijar ba ya wasa da asuba. Wanda ya manta, kasuwa na nan, teloli na nan.

Wurin da za ka fi kiyayewa shi ne fada. Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar yana kan karaga tun 2007, kuma lokacin Sallah da Hawan Magajiya da Sallar Gani garin cika yake da baƙi, kowa cikin babbar riga da rawani. A nan ƙafa kaɗai ake tuɓewa: ka cire takalmi, ka bar hularka a kai, ka durƙusa ka yi gaisuwa yadda ka ga na gabanka sun yi. Haka masu zuwa yi wa marigayi tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari addu'a, wanda aka binne a gidansa na Daura a Yulin 2025, su tuna wurin addu'a za su.

Abin da ya fi kayar da baƙi, a ganina, cikin gida yake faruwa. A gidajen gargajiya banɗaki yana tsakar gida, to kada ka ratsa da tawul kaɗai, sa riga ka je, sa riga ka dawo. Kada kuma ka faɗa cikin gida daga zaure kai tsaye. Yi sallama, ka tsaya. Matar gida tana iya kasancewa da ɗaurin ƙirji tana daka ko wanki, jinkirin amsawar nan lokaci ne take nema ta yafa mayafi. Ba wulaƙanci ba ne.

Za ka ga ɗan dambe ba riga a fage, ka ga manomi da singileti a gona a Sandamu ko Ɓaure, ka ga yara suna wanka a kududdufi da damina. Kowannensu yana wurinsa, ba wanda zai ce musu uffan. Kai dai mayar da wayarka aljihu. Ɗan dambe ka nemi izininsa kafin hoto, yaran kuwa ka wuce su kawai, iyayensu ba za su yafe wa baƙon da ya ɗauke su a haka ba.

Ni da baƙona dai mun koma masauki, na ara masa kaftani da hula. Da muka sake bi ta gaban dattijon, ya amsa sallamarmu har da tambayar gajiya, sannan ya aiki jikansa ya raka mu bakin rijiyar.