Darasi: Diyyar Nas Idan Ta Ji Ciwo A Bakin Aiki

'Yan'uwa manoma, kowannenmu ya san inda akan nufa idan gatari ya sare mutum, ko maciji ya sari yaro a gona, ko naƙuda ta taso da tsakar dare. Sai ɗakin shan magani, wurin nas. To, ranar da ita nas ɗin ta ji ciwo saboda aikin nan, wa zai ɗauki nauyinta? Abin da za mu duba ke nan a wannan darasi, musamman mu da ƙungiyoyinmu ke da hannu a kwamitin ɗakin shan magani.

Haɗarin aikin jinya

Aikin jinya yana da haɗari ƙwarai. Zazzaɓin Lassa, wanda muke jin tsoronsa kowane rani, a jikin masu jinya aka fara gane shi. A shekarar 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da shi a garin Lassa, wanda ke Jihar Borno a yanzu. Aka kai ta Jos, ta rasu a can. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ita ma ta kamu, ta rasu. Ta ukunsu, Lily Pinneo, sai da aka kai ta Amurka kafin ta warke.

Ban da wannan, allurar da aka yi wa mara lafiya takan soki nas, ta sa mata ciwon hanta ko ƙanjamau. Ɗaga marasa lafiya yakan lalata baya. Ga kuma faɗuwa a kan babur wajen zagayen ƙauyuka.

Abin da doka ta ce

A shekarar 2010 Nijeriya ta kafa Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987. Hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun. Dokar ta haɗa ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu, mace ko namiji, ban da sojoji. Idan ƙaramar hukuma ce ta turo mana nas, nauyin yana kanta. Amma idan kwamitinmu ne ya ɗauke ta yana biyanta albashi, to mu ne masu ba da aiki, nauyin kuwa namu ne.

Mai ba da aiki yakan zuba kashi 1 bisa 100 na jimlar albashin ma'aikatansa. Misali, idan albashin nas da ungozoma da mai gadi ya kama ₦200,000 a wata, abin da za mu zuba ₦2,000 ne. Doka ta hana a cire kuɗin nan daga albashin ma'aikaci. Ta kuma hana a sa shi ya yarda cewa ya yafe diyyarsa.

Daga asusun nan ne ake biyan kuɗin magani ga wadda ta ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarta tsakanin gida da wurin aiki, ko ta ɗauki cuta ta dalilin aikin. Idan ta naƙasa gaba ɗaya har abada, za a riƙa biyanta kashi 90 bisa 100 na albashinta kowane wata. Idan ta rasu, iyalin da ke dogara gare ta suna da rabo. Ba sai an je kotu an nuna laifin wane ne ba.

Wa'adi uku da za mu riƙe

1. Nas, ko wani nata, ta sanar da mai ba da aiki cikin kwana 14.
2. Mai ba da aiki ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7 da faruwar raunin; idan cuta ce, cikin kwana 7 bayan ya sami labari.
3. A shigar da takardar neman diyya cikin shekara ɗaya.

Nan ne yawancinmu za mu iya yin tuntuɓe. Mukan ce bari ta warke tukuna, sai wa'adi ya wuce. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Saboda haka magatakarda ya ajiye littafi, ya rubuta rana da sa'a da wurin da abin ya faru, da sunayen shaidu, ko da ciwon ƙarami ne. Cutar da ta shiga ta tsinin allura takan yi watanni ba ta nuna ba.

Gudummawar da mukan tara na hatsi da kuɗi abu ne mai kyau, kada mu daina. Amma gudummawa takan ƙare cikin wata biyu ko uku, naƙasa kuwa ba ta ƙarewa. Kada kuma mu manta da safar hannu, da akwatin zuba tsofaffin allurai, da allurar rigakafin ciwon hanta domin ma'aikatanmu.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wa ke biyan albashin nas ɗinmu?
2. An yi mata rajista a hukumar NSITF?
3. Nawa ne kashi 1 bisa 100 na albashin da muke biya, kuma daga ina za mu fitar da shi?
4. Wa za mu naɗa ya riƙe littafin haɗari?