Wakafi Da Makomar Marayu A Ƙasar Matazu

 Darasin wannan mako zai tsaya ne a kan wakafi, wanda littattafan Malikiyya suka fi kira hubusi, da yadda zai amfani marayu a ƙasar noma irin ta Matazu.

Duk wanda ya san wannan yanki na Jihar Katsina, daga Matazu zuwa Musawa, Malumfashi har Funtuwa, ya san mutanensa ba marowata ba ne. Da kaka a kan fitar da dami guda cikin goma na gero da dawa, da azumi a ciyar, da salla a ɗinka wa maraya riga. Amma ita yunwa ba ta jiran watan azumi. Kafin damina ta tsaya hatsin zakka ya ƙare, rigar salla ta koɗe, kuɗin makaranta kuwa yana nan yana jira kowane zango. Har wa yau hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a yammacin jihar tun wajen 2019, a ƙasashen Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara, har suka taɓa Matazu, sun ƙara yawan gidajen da babu uba, suka kuma raunana baffanni da kawunnan da aka saba jingina marayu gare su.

Ma'anar wakafi ita ce mutum ya tsare asalin wata dukiya, kada a sayar, kada a kyautar, kada a gada, sa'an nan a riƙa sadaukar da amfaninta. Tushensa shi ne ƙissar Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Bayan buɗe Haibara a shekara ta 7 bayan Hijira ya sami wata gona wadda bai taɓa mallakar abin da ya fi ta daraja ba. Ya nemi shawarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka nuna masa ya riƙe gonar ya ba da abin da take fitarwa. Ya ambaci waɗanda za su amfana, ya yarje wa mai kula da ita ya ci daidai gwargwado, bayan ransa kuma 'yarsa Hafsatu ta riƙi kulawar. Haka nan rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa mutanen Madina, har yau gonar dabinon da ta girma a gefenta tana cikin dukiyar wakafi a can.

Game da marayu kuwa, Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Umar ya yi umurni a juya dukiyarsu ta hanyar ciniki don kada zakka ta cinye ta, kuma Nana A'isha takan ba 'yan kasuwa dukiyar marayun da ke hannunta su juya. Watau magabata sun fahimci cewa kula da maraya aiki ne na shekaru, sai ya balaga ya iya riƙon kansa.

To, a nan ne ake yawan kuskure. Sau da yawa dattijo yakan ce a gaban jama'a gonarsa ta wuri kaza ya bar wa marayu, amma ya ci gaba da nome ta da kansa yana raba abin da ya ga dama. Ran da ya cika, magada su ce ba su san zancen ba, kuma a mazhabar Malikiyya su ne da gaskiya. Dalili shi ne sharaɗin hauzi, watau dukiyar ta fita daga hannun mai ita ta koma hannun waɗanda aka yi dominsu ko mai kula da ita, tun kafin ya mutu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya riga hauzi, wakafin ya ɓaci. Abin da aka furta a kan gadon ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya gare shi, ba ya wuce sulusi. Malaman mazhabar sun ma ce idan mai wakafi ya gindaya cewa shi ne zai ci gaba da kulawa, wannan kaɗai ya isa ya rushe shi. Saboda haka tilas a naɗa amintacce, a damƙa masa gonar a gaban shaidu, a rubuta iyakokinta. Tun da yake Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙon filayen karkara, ya kamata takardar ta bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, a ajiye kwafi a ƙaramar hukuma da wajen alƙali.

Kada mai karatu ya zaci wannan aikin attajirai ne kaɗai. Malikiyya ta fi sauran mazhabobi sauƙi a nan, domin ba ta sharɗanta dawwama ba, ta kuma halatta wakafin dabba da kayan aiki. Manomi yana iya tsare gona ɗaya na shekara 10, har ƙaramin cikin 'ya'yan ɗan'uwansa marigayi ya gama makaranta, daga baya ta komo masa. Shanun huɗa, keken ɗinki, injin niƙa, rumfa a kasuwa, ko bishiyar ɗorawa da mangwaro, duk suna shiga. Mutum goma ma suna iya haɗa hannu su sayi fili guda, a nome shi da gayya. A Sakkwato, inda aka mai da kwamitin zakka cikakkiyar Hukumar Zakka da Wakafi a 2016, an mai da hankali ga dasa itatuwa masu ba da 'ya'ya a filayen wakafi, abin da ƙasar da ta fi Sakkwato ruwan sama ba za ta kasa ba.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba mai kula ya kiyaye. Na farko, gyaran dukiyar shi ake fara fitarwa daga amfaninta kafin rabo, ko da mai wakafin ya faɗi akasin haka. Gonar da aka raba hatsinta duka ba a bar na iri da na taki ba, shekara kaɗan za ta gaji. Na biyu, zaɓen wuri. Gonar da ke can cikin daji, inda manoma ke tsoron zuwa, ba za ta ciyar da kowa ba komai faɗinta. A halin da ake ciki ƙaramin fegi a bakin gari, ko shago a gefen hanya, ya fi amfani, kuma ya fi sauƙin bincike idan lokacin lissafi ya yi bayan girbi, a gaban liman da waliyyan yaran.