Turmin da ya Maƙale: Amfanin Hoto Kafin a Cire Shi

Baligi yana da haƙora 32. Huɗu na can ƙurya, watau turamen ƙarshe, su ne ke fitowa daga baya, yawanci tsakanin shekara 17 da 25. Sau da yawa sukan tarar babu sauran wuri, sai su maƙale cikin ƙashin muƙamuƙi ko ƙarƙashin dasashi. Abinci yakan shige wurin, dasashi ya kumbura, mugunya ta taru, har buɗe baki ya gagara.

Ido ba ya ganin saiwar haƙori. Domin haka likita ba ya cire irin wannan turmi sai ya ɗauki hoton ƙashi. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ne ya gano hasken da ke ratsa jiki cikin 1895, aka kuwa fara ɗaukar hoton haƙori da shi cikin 1896. Abu uku likita ke dubawa cikin hoton.

1. Yadda turmin ya zauna. Wani a tsaye yake, wani ya karkata gaba, wani a kwance, wani kuma ya karkata baya. Cikin turamen ƙasa, mai karkata gaba ya fi yawa, mai karkata baya ya fi wuyar cirewa.

2. Kusancin saiwa da jijiya. Akwai jijiyar da ta bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa, ita ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi. In aka yi mata rauni leɓe yakan mutu, wani lokaci na 'yan watanni, wani lokaci har abada. Idan hoto ya nuna saiwa ta jingina da ita, likita yakan nemi hoton da ke nuna ƙashin ta kowane gefe, kana yana iya yanke kan haƙorin kaɗai ya bar saiwar.

3. Halin maƙwabcinsa. Turmin da ya tokari na gabansa yakan sa shi ruɓa, har a yi asarar haƙori biyu.

Da waɗannan ne likita ke faɗa wa mai ciwo tun kafin aiki ko za a cire ko za a bari ana dubawa, da irin haɗarin da ke ciki. Saurayi ya fi dattijo saurin warkewa, gama ƙashi yana ƙara tauri da shekaru.

Ya kamata hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa cewa kada a kai mai irin wannan ciwo ga wanzami, domin awartaki yakan karya haƙorin ya bar saiwa. Malaman hakimai kuma su shaida wa mai tafiya asibiti ya riƙe tsohon hotonsa in yana da shi, mace mai ciki kuwa ta sanar da likita kafin a ɗauka. Wanda kumburi ya sauko masa ƙarƙashin haɓa, da zazzaɓi ko wuyar haɗiya, lalle ne a kai shi asibiti ran nan, gama kumburin yana iya toshe numfashi.