Gudun Asabar a Bakin Teku

 Jikana, mahaifiyarka ta gaya mini maƙwabtanka a Legas sun gayyace ka gudun da suke yi kowace Asabar da sassafe a bakin teku, kai kuma kana ta jan ƙafa, wai kana gudun kada ka zo na ƙarshe a yi maka dariya. Ni dai shawarata ka je. Sai dai ka saurara in gaya maka yadda za ka je.

Wata takwas ke nan kana Legas, kuma duk ran da na tambaye ka wa ka sani, sai ka lissafo mini abokan aiki. Abokin aiki daban, maƙwabci daban. Ran da zazzaɓi ya kwantar da kai da tsakar dare, ba daga ofis za a zo a ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Tun kana ƙarami kake jin ana cewa zumunci a ƙafa yake. To ga shi an kawo maka shi har gida, kuma da ƙafar za a yi shi.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne ranar da suka zaɓa. Ka san gidanmu. A tsakar gida ɗaya akwai mai saka babbar riga ran Juma'a ya nufi masallaci, akwai mai ɗaura ɗankwali ran Lahadi ta nufi majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasar nan da ke tsaye tun zamanin da mishan ɗin Likita Miller ta baro cikin birnin Zazzau ta zauna a Wusasa a 1929. Asabar kuwa ta kowa ce. Muna yara, ita ce ranar da muke haɗuwa gaba ɗaya, ɗan liman da ɗan fasto, mu yi tsere zuwa gindin dutsen Kufena ba takalmi, mu dawo da ƙura har gira. Yau ko za ka ba ni doki ba zan iya tuna wanda yake zuwa na ɗaya ba. Wanda nake tunawa wani babba ne a cikinmu, Allah ya jiƙansa, da kullum yakan rage gudu ya jira ƙanana, har ya goyo wanda ƙaya ta soka. Fiye da shekara sittin ke nan, fuskarsa ba ta ɓace mini ba.

Irin wannan hali ba a Wusasa kaɗai aka san darajarsa ba. A 2004 wani mutum, Paul Sinton-Hewitt, ya tara mutum 13 a filin Bushy Park da ke Landan suka yi gudun kilomita 5 ran Asabar. Daga nan abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama da sunan parkrun, har Afirka ta Kudu, kuma ba a biyan ko sisi. A tsarinsu akwai ɗan sa-kai wanda aikinsa kawai ya riƙa tafiya a bayan kowa, don kada wani ya zama na ƙarshe. Idan ƙungiyarku ba ta da irin wannan mutum, wata rana kai ka zama shi.

Yanzu batun jiki, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Kai ɗan tudu ne. Iskarmu ta Zazzau busasshiya ce, balle da hunturu: zufa na fitowa take bushewa, jiki ya huce. Iskar Legas a jiƙe take da raɓar teku. Zufa za ta yi ta zuba har riga ta manne maka, amma ba ta bushewa da wuri, don haka zafin yana taruwa a ciki kai ba ka sani ba. Gudun da kake yi daga nan zuwa Ɗanmagaji ba tare da haki ba, can zai iya sa ka ga jiri. Saboda haka ka sha ruwa tun kafin ka fita, ka tafi da gora, kuma ga ma'aunin da ba ya bukatar agogo: ka yi gudun da idan na kusa da kai ya ce maka ina kwana, za ka iya amsa masa har ka tambayi iyalinsa. In ka kasa, ka koma tafiya. Ka kuma leƙa asibiti a auna ka tukuna, don ka san hawan jini yana bin gidanmu.

Rairayi mai laushi yana cinye ƙarfi yana gajiyar da agara, gara ka bi inda ya yi tauri. Ruwan kuwa, ina roƙonka, kalle shi da ido kawai. Teku ba kogin Kubanni ba ce. Igiyar da ta shafi ƙafarka a hankali ita ce ke janye ƙasa daga ƙarƙashinka idan za ta koma.

Na san za su fara yi maka zancen babban tseren Legas da ake yi tun 2016, wanda a shekarun baya yakan tashi daga filin wasa na ƙasa a Surulere ya ƙare a Eko Atlantic. Kilomita 42 ne da ɗoriya, gadar Third Mainland da aka saba haurawa a baya ita kaɗai ta kusa kilomita 12. Kada zuciya ta ɗebe ka bana. Akwai na kilomita 10, shi ma sai ƙafarka ta saba.

Ran Asabar ka riga mutane isa. Ka gaida manya da ladabin da aka koya maka, ka karɓi katan ɗin ruwa daga hannun duk wanda ya ɗauko. In an gama kada ka yi saurin tsayar da mai keke. Ka zauna a sha shayi, ka bari a tambaye ka daga ina kake, ka ce musu Wusasa. Da yamma ka kira ni, ina so in ji sunan wanda kuka jera da shi da kuma garinsu.